Sa hannun Muhammad Ali a cikin kayan gadon Baba: wanne ne na gaske, kuma nawa zai yi?

Autan Alhaji:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata matsala ce ta kawo ni, ina roƙon waɗanda suka san harkar su taimaka min. Mahaifinmu ya rasu bayan babbar salla, yanzu muna tattara abin da ya bari domin rabon gado. A cikin kayan akwai abu biyu masu ɗauke da sa hannun Muhammad Ali, ɗan damben nan na Amurka.

Na farko babban hoto ne mai kala a cikin firem da gilashi, ya fi shekara 20 yana rataye a falon Baba. Shi ne hoton nan da Ali yake tsaye a kan abokin karawarsa Sonny Liston yana daka masa tsawa ya tashi. An sa hannu da alƙalamin maka mai ruwan azurfa, da manyan baƙaƙe masu kyau, an rubuta "Muhammad Ali aka Cassius Clay", wato wanda kuma aka sani da Cassius Clay, sunansa na da. Babban yayanmu ne ya sayo shi a wani shago a ƙasar waje a 2003, ya kawo wa Baba tsaraba. A bayansa akwai takardar shaida mai hatimi.

Na biyu a ƙasan adakar Baba muka same shi, cikin ambulan ɗaya da takardunsa na aiki. Takardar wasiƙa ce ta otal ɗin da ya yi wa aiki a Legas daga 1977 zuwa 1983, ta yi ja-ja, an ninke ta gida huɗu. Da biro shuɗi aka rubuta sunan Baba, sai "Muhammad Ali", sai a ƙasa "2-7-80". Tun muna yara Baba yake ba mu labarin ranar da ya gaisa da Ali hannu da hannu, amma bai taɓa nuna mana takardar ba.

Yaya ya ce hoton ne dukiya, takardar kuwa tarkace ce. Wani ya riga ya taya hoton naira dubu 400, ya ce a haɗa masa da takardar a matsayin gyara. Mu tara ne magada ban da Hajiya mahaifiyarmu, ba na son a zalunci kowa. Me kuka gani?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya albarkaci bayansa. Yaro, kada ku yi gaggawa. Duk wanda ya ce a ba shi abu gyara, ka sake duban abin nan da kyau.

Na Damagaram:
Allah ya yi masa rahama. Ni tambayata guda ce. 2-7-80 ai 2 ga watan Yuli ke nan. Shin Ali ya zo Legas a watan Yuli na 1980? In bai zo ba, takardar ta faɗi tun daga nan.

Malama Mai Tarihi:
Allah ya gafarta wa Baba. Malam na Damagaram, tambayarka tana kan hanya, amma da lissafinmu ka karanta. Mu da ku duka rana muke fara rubutawa sannan wata. Amurkawa wata suke farawa da shi. A hannun Ba'amurke 2-7-80 na nufin 7 ga Fabrairu, 1980.

To a farkon Fabrairun 1980 Ali yana Afirka. Shugaba Jimmy Carter ne ya turo shi ya lallashi ƙasashen Afirka su ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko, saboda Tarayyar Sobiyat ta shiga Afganistan a ƙarshen 1979. Ya fara da Tanzaniya, inda shugaban ƙasar, Julius Nyerere, ya ƙi ganinsa, ya wuce Kenya, ya zo Najeriya, daga nan Laberiya da Senegal. Tafiyar ba ta yi nasara sosai ba, Najeriya ma ta je Mosko abinta. Abin da ya shafe mu shi ne lokacin ya dace, garin ya dace, shekarun aikin mahaifinku sun dace, kuma tsarin rubuta kwanan watan irin na mutumin ƙasarsu ne. Da wani ne a Legas ya zauna ya ƙirƙira, da 7-2-80 hannunsa zai rubuta ba tare da ya yi tunani ba.

Autan Alhaji:
Malama, wallahi jikina ya yi sanyi. Baba yakan ce lokacin Shagari bai daɗe da hawa mulki ba. Ni kuma da na ga watan bakwai sai na ɗauka ko tsufa ne ya sa ya rikita lissafi.

Na Damagaram:
Na karɓi gyara, Malama. Allah ya ƙara sani.

Bahaushen Chicago:
Allah ya jiƙan Baba. Na daɗe ina tara irin waɗannan kaya a nan, kuma an taɓa cuta ta, don haka bari in yi bayani da ɗan tsawo.

Abu na farko da za ku riƙe: Ali yana cikin mutanen da suka fi kowa yawan sa hannu a duniyar wasanni, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Mutum ne da ba ya iya korar mai nema. A shekarunsa na baya yakan zauna ya sa hannu a kan ƙananan takardun wa'azin Musulunci masu ɗimbin yawa, ya cika jaka, ya riƙa raba wa mutane a filin jirgi da kan titi. Saboda haka samun sa hannunsa na gaske ba abin mamaki ba ne. Sai dai na bogin ma sun cika kasuwa.

Na biyu, hannunsa ya canza da zamani. Kafin Maris na 1964 Cassius Clay yake rubutawa. Bayan ya karɓe kambu daga Liston a 25 ga Fabrairu, 1964, ya sauya suna, ya ce wancan sunan bauta ne. Daga nan har zuwa ƙarshen shekarun 1970 rubutunsa manya ne, a sake, biro na gudu ba tsayawa, kowane harafi ana iya karanta shi. A 1984 aka tabbatar yana da cutar Parkinson. Ɗaya daga cikin alamun cutar shi ne rubutu ya riƙa ƙanƙancewa. Sa hannunsa na shekarun 1990 zuwa sama ya fi ƙanƙanta, ya fi matsewa, ana ganin a hankali aka yi shi.

Yanzu ku dubi hotonku. Ƙarin nan na "aka Cassius Clay" gaskiya ne ya riƙa rubuta shi, amma galibi a zaman sa hannu na kuɗi da aka riƙa shirya masa bayan ya bar dambe, musamman shekarun 1990. Maka mai ruwan azurfa ma kayan wannan zamanin ce. Ke nan alƙalami da kalmomin suna cewa 1990 da wani abu. Amma ka ce baƙaƙen manya ne masu kyau, a sake. Wannan hannun matashi ne. Idan alƙalami ya ce tsufa, hannu ya ce ƙuruciya, ni a nan nake fara tsayawa.

Dillalin Kayan Da:
Ranka ya daɗe, ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Mai ciwo yana da ranar sauƙi. Na ga hotunan da aka tabbatar na shekarun 1990 ne, sa hannun tsaf da shi. Ba za ka kashe hoto daga bayanin baki ba, kai da ko ganinsa ba ka yi ba. Kuma ga takardar shaida a baya.

Bahaushen Chicago:
Gaskiyarka ta wani ɓangaren, Alhaji. Akwai na farkon shekarun 1990 masu kyau ƙwarai, kuma ban ce na yanke hukunci ba, cewa na yi na tsaya. Amma maganar takardar shaida, a nan ne aka fi cin mutane.

A ƙarshen shekarun 1990 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi wani bincike da ta kira Operation Bullpen, daga ofishinta na San Diego. A Oktoban 1999 suka kai samame wurare da yawa a rana guda. Babban mai kwaikwayon rubutun ƙungiyar sunansa Greg Marino, yana zama ya yi ta zuba sa hannun shahararrun mutane a kan ƙwallo da hoto da safar dambe, har da na Ali. Abin da ya sa kayansu suka shiga shaguna da gwanjon intanet shi ne kowanne yana tafe da takardar shaida. Wanda ya iya kwaikwayon hannun Ali, buga takarda mai hatimi ba zai gagare shi ba. An kama mutanen, amma kayan da suka riga suka sayar ba a tattaro su duka ba, suna nan rataye a gidajen mutane. Hoton da aka saya a shago a 2003 ya faɗo daidai wannan zamanin.

Ni kaina haka aka yi min. Shekarata ta biyu a ƙasar nan na sayi safar dambe mai sa hannu a wani shago, da takardarta da sitika mai ƙyalli. Kuɗin aikin sati biyu na zuba. Bayan shekaru na kai a duba, aka ce ba hannunsa ba ne. Na koma neman shagon, babu shi, kamfanin da ya ba da shaidar ma babu shi. Har yau abin yana min ciwo, domin niyyata in bar wa ɗana.

Takardar shaida darajarta darajar wanda ya sa mata hannu ce. Waɗanda manyan gidajen gwanjo a nan suke karɓa su ne na kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA/DNA da JSA da Beckett. Kowannensu yana ba da lamba, ka shiga shafinsu ka sa lambar, su nuna maka abin da suka tantance. Auta, duba sunan kamfanin da ke bayan hotonku, ka ga ko yana raye, ko lambar tana fitar da wani abu.

Mai Gyaran Waya:
Yaya Auta, kafin ma a je nan, akwai gwajin da za ka yi yau. Je wurin duk mai gyaran waya da ke da gilashin ƙara girma irin wanda muke duba fanel da shi. A cire hoton daga firem a hankali a sa a ƙasa. In sa hannun ɗigo-ɗigo ne ƙanana kamar sauran hoton, to tare aka buga su, ba wanda ya taɓa shi da alƙalami. In tawada ce ta gaske za ka ga ta hau kan hoton, in ka karkata shi ga haske ƙyallinta daban da na takardar.

Bahaushen Chicago:
Shawara mai kyau. Ka ƙara da wannan: ka bi layin rubutun da ido. Mai rubuta sunansa ba ya tunani, alƙalami yana sauka da gudu yana tashi da gudu, farkon layi da ƙarshensa sukan yi siriri. Mai kwaikwayo zane yake yi, yana kallon samfur. Za ka ga ƙarshen layi ya yi dunƙule, ka ga inda ya tsaya tsakiyar harafi tawada ta taru, ka ga inda ya ɗaga hannu ya sake ɗorawa. Wahalar ta Ali ita ce shi ma a shekarun ciwo a hankali yake rubutu, shi ya sa 'yan jabu suka samu mafaka. Amma a takardar 1980 wannan uzurin ba shi da ƙarfi, ya kamata a ga hannu na gudu. A takardar kuma juya bayanta ka shafa da yatsa a hankali, biro yana barin kwarmi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Allah ya jiƙan tsoho. Mu ma a nan labarin yana nan. Ali ya zo Gana a watan Mayu na 1964, ya gana da Nkrumah a Ankara babban birnin ƙasar, ya zo har Kumasi, daga nan ya wuce Najeriya da Masar. Kakana yana cikin taron da ya tarbe shi. Akwai wani a unguwarmu da yake nuna wata takarda yana cewa a wannan zuwan aka sa masa hannu, amma Cassius Clay aka rubuta. Da na karanta bayanin yayanmu na Chicago sai na gane inda matsalar take. Mutumin da ya zo Afirka yana shelar sabon sunansa, wata biyu da sauyawa, da wuya ya rubuta tsohon.

Almajirin Fiƙihu:
Allah ya sa aljanna ce makomarsa. Ina karanta muhawarar nan sai na ga ai abin da malaman hadisi suka yi ne tun tuni. Ba lafazi kaɗai ake dubawa ba, ana tambayar wa ya ji daga wa. Takardar otal tana da isnadi gajere: Ali ya ba Baba, Baba ya ajiye, 'ya'yansa suka buɗe adaka. Mutum ɗaya ne a tsakani, kuma mutum ne da bai taɓa neman sayarwa ba, bai ma nuna wa kowa ba. Hoton kuwa Yaya ya saya daga mai shago, mai shago daga wanda ba a sani ba, shi kuma daga wanda ba a sani ba. Majahula biyu ko fiye a jere.

Ta fuskar gado, duk abin da mutane ke ba da kuɗi su saya dukiya ce, dole a shigar da shi lissafi, kuma ba a sayar da shi sai da yardar dukkan magada ko wakilansu. In akwai ƙananan yara a cikinku, hakkinsu ya fi nauyi. Abu na biyu: yanzu da shakka ta shiga game da hoton, ba ya halatta ku sayar da shi a matsayin tabbatacce ku yi shiru. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ku faɗa wa mai saye abin da kuka sani da abin da kuke shakka, in ya saya a haka shi ke nan.

Dillalin Kayan Da:
Malam, ban musa maka ba. Amma bari in faɗi abin da masu ilimi ba sa so a faɗa, domin ni a kasuwa nake. A ce takardar ta gaske ce. Sai me? Wa zai saya a Kano ko Kaduna? Ba mu da kasuwar wannan kaya. Sai an aika Amurka. Kuɗin aikawa da inshora da dala, kuɗin tantancewa da dala, gidan gwanjo ya cire lada, sannan a yi fama da dawo da kuɗin gida. In takardar ta ɓace a hanya fa? Mutum tara da uwa za su raba abin da ya rage. Ni a ganina wanda ya taya dubu 400 bai zalunce su ba. Kuɗi a hannu ya fi labari.

Baban Khalifa:
Haba Alhaji. Ni fa na ji an sayar da kayan Ali sama da dala miliyan shida. Ya za a ce su karɓi dubu 400 na naira?

Bahaushen Chicago:
Baban Khalifa, abin da ka ji gaskiya ne, amma ba irin wannan kaya ba ne. Ɗamarar kambun hukumar dambe ta duniya WBC ce da ke da alaƙa da damben Kinshasa, wanda ya buge George Foreman a turmi na 8 ranar 30 ga Oktoba, 1974. Gidan gwanjon Heritage ya sayar da ita a Yulin 2022 a kan dala miliyan 6.18, wani attajirin Amurka mai suna Jim Irsay ya saya. Safar da ya sa a damben farko da Liston ita ma ta haura dala dubu 800 a 2014. Waɗannan ba sa hannu aka saya ba, kayan tarihin dambensa aka saya, kuma irinsu ba su da yawa.

Sa hannu zalla a kan takarda, ko da an tantance, yawanci maganar ɗaruruwan dala ake yi. Hoto mai kyau da aka tantance yakan fi haka, wani lokaci ya haura dubu. Wanda ya fi tsada a cikin sa hannu shi ne tsohon Cassius Clay na kafin 1964, kamar na lokacin da ya ci zinare a Rum a 1960, saboda ƙarancinsa. Kuma wanda aka rubuta wa sunan wani, kamar naku, wasu masu saye suna rage masa kuɗi domin ba sunansu ba ne. Amma ga mai tantancewa alheri ne, domin yawan rubutu yana ba shi abin dubawa, kuma ɗan jabu ba ya son wahalar ƙarin kalmomi.

Abin da zai ɗaga takardarku shi ne labarinta. Kwanan wata, sunan otal a sama, da tafiyar da tarihi ya sani. Mai tara kayan Ali da ya damu da tarihinsa zai fi son wannan a kan sa hannu mara uwa mara uba. In kuna son sanin farashi, kada ku dubi abin da mutane suka sa a kasuwar intanet ta eBay suna nema. Kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ku dubi waɗanda aka riga aka sayar, da tsofaffin sakamakon gidajen gwanjo.

Don haka Alhaji Dillali yana da gaskiya cewa ba arziki ne zai sauka ba. Inda na saba da shi shi ne a ba da takardar gyara.

Hajiya Maman Ikram:
Ni roƙona ɗaya, Auta. Don Allah kada wani ya ce zai kai a yi mata laminatin don kada ta yage. Na san halinmu, da mun ga takarda mai muhimmanci sai shagon kwamfuta. Haka aka yi wa wasiƙar kakanmu, yanzu rubutun ya dushe a cikin leda kuma ba halin cirewa.

Malama Mai Tarihi:
Hajiya, kin riga ni. Laminatin zafi ne da gam, in an yi ba a warwarewa, kuma mai tantancewa ba zai iya duba tawada da kwarmin biro ba. Haka nan ban da salatif a kan ninkin, ban da guga, ban da bin rubutun da sabon biro don ya fito. A buɗe ta sau ɗaya a shimfiɗe, a sa tsakanin fararen takardu masu tsabta a cikin fayil mai tauri, a ajiye inda rana ba ta kai wa, nesa da bango saboda danshin damina da gara. Duhun adakar nan ne ya tsare muku shuɗin biron shekara arba'in da wani abu. Da a falo aka rataye ta da tuni ta koɗe.

Sannan ku haɗa mata shaidu tun yanzu. Kada ku raba ta da ambulan ɗin da takardun aikin Baba, musamman takardar ɗaukar aiki ko katin shaida mai sunan otal ɗin. Ku zauna da Hajiya ku ɗauki muryarta tana faɗin abin da ta tuna. In akwai abokin aikin Baba da ke raye, ku neme shi. Kuma a je a duba jaridun makon, New Nigerian da Daily Times da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gidan Arewa da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa duk a Kaduna suke, nan ne wurin fara neman tsofaffin jaridu. In jarida ta ambaci ranar da ya sauka da inda aka sauke shi, kuma suka yi daidai da takardarku, kun samu shaidar da ba a saya da kuɗi.

Baba Mai Ritaya:
Ku bar ni in faɗi wani abu ba na kuɗi ba. Daren damben Kinshasa ba mu yi barci ba, mun kewaye rediyo guda har gab da asuba, domin wajen ƙarfe huɗu na dare aka yi shi saboda masu kallo a Amurka. Mu a lokacin ba ɗan dambe kawai muke gani ba. Baƙar fata ne, Musulmi, wanda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam aka ƙwace masa kambu a 1967, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe, ya dawo ya karɓi abinsa a ƙasar Afirka. Mahaifinku da ya ninke takardar nan ya sa tare da takardun aikinsa, ya san abin da ya ajiye. Ni da za a ji tawa, ɗaya daga cikinku ya saye ta daga sauran magada ta zauna a gida.

Sabon Shiga:
Salam. Ina da wanda zai saya duka biyun da dala yau ɗin nan. Turo min lambarka ta akwatin sirri, kuɗin rajista kaɗan kawai za ka fara biya.

Shugaban Zaure:
Na goge lambar da wannan ya sa, kuma na cire shi. Jama'a, mai saye na gaskiya ba ya cewa mai kaya ya fara biya. Auta, kada kuma ka sa cikakken hoton takardar a fili. In za ka tura wa wani, rufe sunan Baba, ka ɗora wani abu a gefe. Akwai masu kwashe hotunan kayan mutane suna tallata su kamar nasu.

Autan Alhaji:
Na gode ƙwarai, jama'a. Ga abin da ya faru tun jiya.

Na kai hoton wurin mai gyaran waya. Tawada ce ta gaske, ba bugu ba ne. Amma a ƙarƙashin gilashin na ga abin da Yaya na Chicago ya faɗa: a cikin "Muhammad" akwai wuri uku da maka ta tsaya ta taru, kuma ƙarshen kowane layi a dunƙule yake. Na nemi sunan kamfanin da ke kan takardar shaidar, ban samu ko shafi ba, adireshinsu ma akwatin gidan waya ne kawai. Takardar otal kuwa biron ya tafi a guje, kwarmin yana nan a baya, har wurin da ya ja layi ƙarƙashin sunansa ya kusa huda takardar.

Na yi wa Yaya bayani da daddare. Ransa ya ɓaci, ba don kuɗin ba. Ya ce shekara 20 Baba yana nuna wa baƙi hoton nan yana cewa ɗansa ne ya kawo masa. Ban san abin da zan ce masa ba.

Hajiya Maman Ikram:
Ka ce masa Baba ya ji daɗin tsarabar har ya koma ga Allah, kuma wannan ba wanda zai ƙwace masa. Shi ma cutarsa aka yi, ba shi ya cuci kowa ba. Ku lallaɓa shi, babba ne.

Dillalin Kayan Da:
Ni dai har yanzu ina cewa ido da gilashin gyaran waya ba su isa kashe hoto ba. Maka mai ruwan azurfa dama tana taruwa ko a hannun mai lafiya. Ku bari masana su gani kafin ku jefar.

Bahaushen Chicago:
Na yarda da Alhaji a wannan. Kada a jefar, kada kuma a sayar da sunan na gaske. Wasu daga cikin kamfanonin nan suna ba da ra'ayin farko ta hoto a kan kuɗi kaɗan. Ba takardar shaida ba ce, za su ce ne kawai da alama zai wuce ko da alama ba zai wuce ba. Ku fara da wannan ga duka biyun, ba sai kaya sun bar gida ba. In takardar ta samu amsa mai kyau, kuma magada suka zaɓi sayarwa, to kada a sa ta a gidan waya. A ba amintaccen mai tafiya ya riƙo a jakar hannu. JSA da sauransu suna zuwa manyan bajekolin kayan wasanni a nan suna dubawa a gaban mai kaya. Ɗauki hoton a hasken rana, ba filashi, gaba da baya, da ruler a gefe don a ga girman rubutun.

Autan Alhaji:
To madalla. Mun yi magana da Hajiya da safe, na ɗauki muryarta. Ta ce ta tuna ranar, domin Baba ya dawo gida bai ko cire kayan aiki ba ya ce mata ya yi wa Ali sallama ya amsa masa da cikakkiyar sallama. Ta ce lokacin tana goyon yayarmu ta uku, wadda aka haifa a Nuwamban 1979. Ta kuma ce akwai abokin aikinsa da ke zaune a Zariya, in yana raye.

Mun gaya wa mai tayin dubu 400 ya dakata. Yayarmu ta ce in an samu ƙiyasin kuɗin takardar a cire daga kasonta, ita za ta riƙe. Yaya bai ce komai ba tukuna. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Kaduna neman jaridun. Malama, a Gidan Arewa sai da takardar gabatarwa ake shiga ɗakin jaridu, ko katin shaida ya isa?

Malama Mai Tarihi:
Tafi da katin shaidarka da 'yar takardar neman izini da ka rubuta da hannu, ka faɗi abin da kake nema. Ka nemi na 4 zuwa 12 ga Fabrairu, 1980, kada ka tsaya kan rana ɗaya, domin labarin yau sai gobe ko jibi yake fitowa. Ka duba har shafin wasanni na baya, ba shafin farko kaɗai ba. In ka samu, ɗauki hoton shafin gaba ɗaya yadda sunan jaridar da kwanan wata za su fito a sama.